Ƙabar ciki da ta haɗu da ƙazanta: wace raga ta cancanci kuɗinka?

Da yawa daga cikin masu ƙabar ciki mai wuyar gyara, tsohon aiki ne ya bar musu ita. Taifot ya huda hanji, an yi aikin gaggawa, ɗinkin ya yi ruwa, bayan 'yan watanni ciki ya tuntsuro ta wajen tabon. Wani kuma an fito masa da hanji ta gefen ciki, yanzu ana so a mayar. Irin wannan aiki dole a taɓa hanji, ƙwayoyin cuta kuwa suna nan kusa. Shi ya sa zaɓen ragar da za a ƙarfafa naman ciki da ita yake bukatar shawara, tunda dangi ne za su haɗa kuɗin.

Ragar roba, wato polypropylene, an daɗe ana aiki da ita. Ba ta narkewa, nama ne ke shiga ƙofofinta ya riƙe ta. Abin da likitoci suka daɗe suna gudu shi ne, in cuta ta kama ta sai mugunya ta ƙi tsayawa, wani lokaci har sai an sake buɗe ciki an cire.

Wannan tsoro ne ya buɗe wa ragar fata kasuwa. Fata ake ɗauka a wanke ta tas har sai saƙar cikinta kawai ta rage, da fatan jiki zai mayar da ita namansa. A nan akwai abin da ba zan so a ɓoye wa kowa ba: Strattice da Permacol daga fatar alade suke, SurgiMend daga saniya, AlloDerm kuma daga fatar mutum. Hukuncin larura na malamai ne, amma haƙƙin mara lafiya ne ya sani kafin ya sa hannu.

To tsadar ta biya? A 2022 mujallar JAMA Surgery ta buga gwajin da Dokta Michael Rosen ya jagoranta a Amurka kan mutum 253. Cikin shekara 2, ƙaba ta dawo wa kashi 20.5 cikin 100 na masu ragar fata, kashi 5.6 kacal na masu ta roba, kuma matsalar wurin da aka yi aikin ba ta fi yawa a ɓangaren roba ba. Matsakaicin kuɗin ta fata ya haura dala 21,000, ta roba dala 105. Bai kamata magidanci ya sayar da gonarsa ta Giwa ko Soba kan zaton mai tsada ita ce mai kyau ba.

Sai dai a lura, a gwajin nan bayan tsokar ciki aka shimfiɗa ragar, ba a kan hanji ba, kuma ba a sa waɗanda cikinsu ya riga ya cika da mugunya ko bayan gida ba. Ga irin waɗannan, ceton rai ne gaba. Likita na iya ɗinkewa kawai, ko ya sa mai narkewa irin Vicryl wadda ke ɓacewa cikin wata biyu zuwa uku, a dawo gyaran gaske bayan jiki ya murmure. Akwai Phasix mai jimawa wata 12 zuwa 18, ita ma da tsada.

In za ka ga likitan fiɗa a asibitin koyarwa na Shika ko wani wuri, tambaye shi: ranka ya daɗe, ƙazantar ta kai wane mataki, a wane sashe za a sa ragar, kuma za a iya jira? In ba gaggawa, a fara daidaita suga, a bar taba, a rage ƙiba. In an rubuto maka ka sayo, bi suna da girman da ke takardar, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, kada ka karɓi kwalin da aka taɓa ɓarewa.