Wata uku ina koyon damben boksin a Kano: sharhina kan gidan da na yi rajista

Kawuna mahauci ne, shi ya fara kai ni kallon dambe tun ina ɗan firamare. Har na girma, duk ranar da na samu sarari nakan leƙa dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari in ga 'yan damben ɓangarorin Kudu da Jamus da Guramaɗa suna kashe juna, wato suna kai juna ƙasa. Shi ya sa ran da na shiga wani gidan motsa jiki na ce boksin nake son koyo, gani nake rabin karatun na riga na haddace. Ashe ko baƙi ban sani ba.

Tumbi ne ya kai ni. Zaman shago a Kantin Kwari ya sa in na hau bene sai na dafa bango ina haki. Na gwada gudun safe, sati biyu na watsar. Sai wani dare a gidan kallo aka maimaita damben Anthony Joshua da Klitschko na 2017 a Wembley, wanda Joshua ya sha ƙasa a turmi na shida, ya miƙe, ya gama da mutumin a na goma sha ɗaya. A dambenmu da ka taɓa ƙasa an kashe ka, sai kiɗa da kirari. A nan kuwa ana ƙirga maka goma, in ka tashi a ci gaba. Wannan tashin ne ya hana ni barci.

Gidan ba zan kama sunansa ba, domin akwai ƙorafi a gaba. Kuɗin wata ake biya, kwana uku a mako, daga bayan sallar asuba zuwa bakwai da rabi. Kocin dattijo ne siriri mai karyayyen hanci, ba ya ɗaga murya. Mako biyun farko ko buhun naushi bai bar ni na taɓa ba. Layi ya ja da alli a kan siminti, ya ce ƙafar hagu gaba, ta dama baya, tazararsu faɗin kafaɗa, dunduniyar baya a ɗage, gwiwa a ɗan lanƙwashe, haɓa a sunkuye. In za ka yi gaba ƙafar gaba ce ke fara tafiya ta baya ta biyo, in baya za ka yi ta baya ta fara, kuma kada su taɓa harɗewa. Haka na yi ta kai da komo a kan alli kamar mai auna fili. Rana ta biyar na gaji na ce, “Koci, ni fa naushi na zo koyo, ba rawar Ƙoroso ba.” Bai ce uffan ba. Ya sa yatsa biyu ya tura ni a ƙirji, sai ga ni ina tangaɗi. Ya ce, “Alhaji, in yatsa ya kai ka nan, naushi ina zai kai ka? Koma kan layinka.”

Inda na fi shan wuya shi ne hannun hagu, kuma kallon dambe ne ya ja mini. Ɗan dambe hannu ɗaya yake naɗe wa kara, wato igiyar da ake ɗaure dunƙule da ita, shi ne mashi, ɗayan kuma a buɗe yake a miƙe gaba, garkuwa. Jikina ya kwafi wannan tsayuwar ban sani ba: hagu a miƙe tana lalube, dama can baya tana jiran ranar sa'a. A boksin hagun ce ke aiki. Ita ke jefa jab, naushin nan miƙaƙƙe mai sauri da ake auna nisa da shi, a rufe wa abokin karawa ido, a buɗe wa dama hanya. Koci lamba yake kira: ɗaya jab, biyu dama miƙaƙƙiya, uku ƙugiyar hagu, ita ce mai zuwa ta gefe. Ƙarfin biyu kuma ba daga damtse yake fitowa ba, daga murza ƙafar baya da juya ƙugu ne. Duk sanda na jefa naushi ban mayar da hannu kumatu ba, sai in ji faifan da yake tare naushi da shi ya sauka a kunnena, tau! Har yanzu in na ɗaga hannu zan sauko da bandir a shago, ɗayan hannun yakan tafi kumatu da kansa.

Naɗin bandeji ma darasi ne guda. Tsawonsa ya kai mita huɗu da rabi. A saƙala madaukin a babban yatsa, a zagaye wuyan hannu sau uku, a hau kan gaɓoɓin yatsu, a ratsa tsakanin kowane yatsa, a dawo a ɗaure a wuyan hannu. Kara ana naɗa ta ne don hannu ya zama dutse, bandeji kuwa don kada ƙananan ƙasusuwan hannu su watse. Wata safiya na makara, na zura safar hannu haka nan na hau buhu. Kwana goma ban iya murɗa makullin shago da dama ba. Wannan laifina ne.

Nasu laifin kuma ga shi. Buhu biyu ne ga mutum kusan goma sha biyar, ɗayan yashi aka ɗura masa, ya taru a gindi ya daskare, in ka naushe shi ƙasa-ƙasa kamar ka naushi bango. Safar hannun da ake ba sababbi ta kowa da kowa ce, warinta sai wanda ya shaƙa. Dole na sayi tawa a kasuwa, mai nauyin oza 14, da sunan babban kamfani a jiki, mako shida fatar ta fara ɓarewa, ashe jabu ce. Ba fanka, ba akwatin magani, ba kuma lokacin da aka ware wa mata, ƙanwata ta tambaya na ce ta haƙura.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne gwajin dambe. In koci na nan, sai ya duba nauyi da ƙwarewa kafin ya haɗa mutum biyu, da safa mai oza 16, ya ce a taɓa kawai. Ran da bai zo ba, yaronsa ya haɗa ni da wani matashi da ya shekara biyu yana yi, hular kariya kuma guda ɗaya ce a gidan, tana kan matashin. Ban kai minti ɗaya ba haɓo ya ɓalle mini. Allah ya taimake ni na sa robar haƙori, irin wadda ake tsomawa a ruwan zafi a cije ta ɗauki siffar baki. Duka a ka ba abin wasa ba ne, ƙwaƙwalwa ce ke girgiza a ciki. Na gaya wa koci washegari, ya yi wa yaron faɗa a gabana, amma har yau ba a sayi hula ta biyu ba.

A bangon gidan akwai tsofaffin hotuna da koci ke yi mana jarrabawa da su lokacin hutun minti ɗaya: Hogan Bassey da ya ci kambun duniya a 1957, Dick Tiger a 1962, da Nojim Maiyegun wanda tagullarsa ta Tokyo a 1964 ita ce lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu. Wani mai shayi ɗan Damagaram da muke atisaye tare ya ga ba nasu, ya bugo hoton Issaka Daboré, wanda ya ciyo wa Nijar tata ta farko a Munich a 1972, ya liƙa da kansa.

Da na fara, turmi ɗaya na minti uku a kan igiyar tsalle ya fi ƙarfina, ban taɓa sanin minti uku na da tsawo haka ba. Yanzu ina yin shida, wandona ya fara zamewa, benen ma na daina dafa bango. Na sabunta rajista saboda koci kaɗai. Mai son zuwa ya taho da bandejinsa da safarsa da robar haƙorinsa, kuma in ya leƙa bai ga dattijon ba, ya tsaya a buhu da igiya.

Makon jiya na raka kawu dandali. Ana tsaka da turmi na biyu na ce masa ya dubi na Guramaɗan nan, ƙafafunsa sun harɗe, yanzu zai faɗi. Kawu ya harare ni ya ce, “Kai da wata uku za ka koya mini dambe?” Na Guramaɗan ne ya yi kisa.