Wasiƙa daga Ingila: hannun ƙaramar hukuma a kan yaro da tsoho da mai lalura

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Anti da yara. A gaida min Inna da kyau, a ce mata ciwon gwiwar nan nata yana raina. Tun watan jiya ka tambaye ni yadda ƙananan hukumomi ke tafiyar da aikin jin daɗin jama'a a nan, tunda kai ma sashen da kake ke nan, ni kuma ina ta cewa sai na samu sarari. Yau ba ni da fita, ga ni na zauna.

Ka san aikina bin gidajen tsofaffi ne, wanka da sa kaya da ba da magani. Kamfani ne ya ɗauke ni, amma yawancin gidajen da nake shiga ƙaramar hukuma ce take biyan kamfanin, wadda a nan ake kira kansil. Saboda haka abin da zan faɗa maka ba jita-jita ba ne.

Bari in fara da kuɗi, don in kashe maganar nan ta “can komai kyauta ne”. Kowane gida yana biyan kansil harajin gida. An kasa gidajen Ingila rukuni takwas, daga A zuwa H, bisa darajarsu ta shekarar 1991, kuma wanda yake zaune a ciki shi ke biya, ko da ɗan haya ne. In kai kaɗai ne baligi a gidan a rage maka kashi 25 cikin ɗari. In ka ƙi biya kuwa, takardar kotu ce za ta biyo ka. Da wannan harajin da abin da gwamnatin tsakiya ke turowa ake kwashe shara da gyaran titi, amma babban kaso yana tafiya ne wajen kula da tsofaffi da yara da masu lalura. Mutum yana biya yana ƙorafi, shi ya sa in ya je neman haƙƙinsa ba ya sunkuyar da kai.

Batun tsofaffi na fi sani. Akwai dokar kulawa ta 2014 wadda ta ce duk baligin da aka ga alamar yana buƙatar taimako, wajibi ne kansil ta turo a duba shi, kyauta, mai kuɗi ne ko talaka. Ma'aikaciya za ta zo ta zauna da shi da takarda: kana iya wanka da kanka? Kana iya shiga banɗaki? Wa ke dafa maka? Yaushe rabonka da fita? A rubuta, a ba shi kwafi. Daga nan ne ake shiga aljihu. Wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa komai. Wanda take ƙasa da fam 14,250 ba a taɓa masa ajiyar, sai dai a ɗebi wani abu daga fanshonsa. Na tsakani kuma a raba nauyin. In tsoho ya koma gidan kula da tsofaffi dindindin, har gidansa ana sawa a lissafi, sai fa in matarsa ko mijinta na zaune a ciki. Mutane da yawa sun sayar da gidan da suka shekara talatin suna biya don su biya kuɗin ɗaki guda.

Abin da ya ɗaure min kai da na zo shi ne, asibiti kyauta ne amma kulawa ba kyauta ba ce. Mai ciwon daji gwamnati ta ɗauke masa magani da tiyata. Mai cutar mantuwa, wanda abin da yake buƙata shi ne a yi masa wanka a tsare shi kada ya fice da dare, mafi yawanci shi zai biya. An yi alkawarin sa iyaka ta fam 86,000 ga abin da mutum zai kashe a rayuwarsa, aka yi ta ɗagawa, a watan Yulin 2024 aka soke. A Sikotland kuwa tun 2002 tsofaffi ba sa biyan kuɗin irin wannan hidima ta jiki, don kowane yanki da tsarinsa.

To amma me ake saya da kuɗin? Minti ake saya, Yaya. Yawancin ziyarata rabin sa'a ce. In na shiga in danna waya, in zan fita in danna. Akwai wata tsohuwa da nake zuwa wa da safe, ta haura tamanin, gidanta tsaf: ƙarfen riƙewa a banɗaki, kujerar da ke hawa da ita bene, maɓalli a wuya wanda in ta faɗi za ta danna a kawo ɗauki. Kullum in na gama sai ta ce in zauna mu ɗan taɓa hira, ni kuma wani gidan na jira. Ranar da ta ce min muryata ce ta farko kuma ta ƙarshe da take ji a yini, sai da na tsaya a bakin ƙofa na share hawaye. Inna ba ta da ko ɗaya daga kayan nan, amma ban san ranar da ta wuni babu mai ce mata sannu ba.

Kada ka ce na gama yabon gida. Dokar nan ta 2014 ta ba wa mai jinya ma haƙƙin a zo a duba shi, shi kansa: yana samun barci? Ya bar aiki saboda jinyar? Yana buƙatar a karɓe shi na 'yan kwanaki ya huta? Da na ji wannan Anti ce ta faɗo min a rai. Shekara nawa tana ɗawainiya da Inna, kuma a cikinmu, har da ni, wa ya taɓa tambayarta ko ta gaji?

Masu lalura kuma, kansil na iya ba da tallafin gyaran gida har fam 30,000, a faɗaɗa ƙofa don keken guragu, a shafe matakala, a sauya banɗaki. In yaro ne ba a duba samun iyayensa. Ƙananan gyare-gyaren da ba su wuce fam 1,000 ba kyauta ne. Akwai shuɗin kati na ajiye mota kusa da ƙofa, kuɗinsa bai wuce fam 10 ba, da katin hawa bas kyauta, wanda tsofaffin da suka kai shekarun fansho ma suke samu. Yaro mai buƙata ta musamman ana rubuta masa tsari guda da ya haɗa karatu da lafiya da kulawa, yana iya bin sa har shekara 25. Doka ta ce a kammala cikin mako 20. A aikace iyaye da yawa suna jira fiye da haka, wasu sai sun kai ƙara. Na tuna mu ma a Najeriya an sa wa dokar hana wariyar nakasassu hannu a Janairun 2019, aka ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara. Kai ka fi ni sanin ko sakatariyarku ta samu hanyar keke.

Yanzu ga wanda mutanenmu suka fi tsoro, wato yara. Farkon abin daɗi ne. Ana haihuwa ma'aikaciyar lafiya za ta riƙa zuwa gida, a ba ki jan littafi na awo da rigakafi. Ɗan shekara uku da huɗu yana da sa'a 15 a mako na renon yara kyauta, ajin farko uku na firamare kuma ana ciyar da su rana. Sai dai hannun da ya ba ka shi ne yake leƙa ɗakinka. Dokar yara ta 1989 ta ɗora wa kansil abu biyu: sashe na 17 ya ce ta taimaki yaron da ke cikin buƙata da iyalinsa, sashe na 47 ya ce ta yi bincike in ana zargin ana cutar da shi. Malamin makaranta ya ga shatin bulala, ko maƙwabci ya lura an bar ƙananan yara su kaɗai, waya ɗaya ce. Ba gaskiya ba ne cewa ma'aikaciya na zuwa ta ɗauke yaro yadda ta ga dama. Sai da umarnin kotu ko yardar iyaye, ko kuma 'yan sanda su riƙe shi na gaggawa, wanda ba ya wuce sa'a 72. Amma binciken kansa ya isa hana uwa barci. Dukan yara kuwa, Sikotland ta haramta shi gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022. A Ingila da sauran 'yar kafa a doka, amma da ya bar tabo ta rufe.

Riƙo ma da ƙa'idarsa. In ka ajiye yaron da bai kai 16 ba tsawon kwana 28 ko fiye, alhali kai ba kakansa ba ne, ba wansa ko yayarsa ba, ba kawu ko baffa ko gwaggo ko inna ba, dole ka sanar da kansil. Da farko na ga abin kamar shisshigi, sai da na ji labarin Victoria Climbié, yarinya 'yar shekara takwas daga Kodebuwa, wadda iyayenta suka ba wata 'yar'uwa ta kawo ta Turai karatu. Ta rasu a Landan a Fabrairun 2000 saboda azabar matar da saurayinta, bayan ma'aikata da asibitoci sun gan ta ba su cece ta ba. Binciken da aka yi a kanta ne ya haifar da dokar yara ta 2004. Tun daga nan na daina ganin laifinsu in sun cika tambaya.

Mu masu bizar aiki muna biyan harajin nan cif, amma an rubuta mana cewa ba mu da rabo a yawancin tallafin gwamnati, kamar kuɗin rashin aiki da gidan kansil. Yaro dai ba a barinsa ya kwana a titi saboda takardun iyayensa, sashe na 17 ɗin nan yana rufa asiri. Duk mai shirin tahowa ya kamata ya san wannan tun daga gida.

Su ma kansil ɗin fa asusun nasu yana girgiza. Croydon ta shelanta cewa kuɗinta ba zai kai ba a 2020, Birmingham a Satumbar 2023, Nottingham bayanta da wata biyu. In haka ta faru, abin da doka ba ta wajabta ba shi ake fara yankewa: ɗakin karatu, cibiyar matasa, wurin haɗuwar tsofaffi. Wankan tsohuwar nan tawa ba a isa a yanke shi ba, don doka ce ta tsaya mata. Na ji Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. In ya iso hannunku, ni da za ka ji tawa, kafin rabon kaya ku fara da rajista: mazaɓa mazaɓa, wane tsoho ne ba shi da kowa, wane yaro ne ba ya tafiya, me kowannensu ke buƙata, a rubuce, da sunan ma'aikacin da zai amsa in an tambaya.

Sai maganar Inna. Ka nemo mai walda ya kafa mata ƙarfen riƙewa guda biyu, ɗaya a gefen masai ɗaya a wurin wanka, daidai tsayin ƙugunta, a kuma samo kujerar roba mai ƙarfi ta riƙa zama in za ta yi wanka. Ka turo min lissafin. Kuma ƙarshen wata zan aiko da na wadda za ta riƙa karɓar Anti kwana biyu a mako; ka fara shawartarta tukuna, ita ta zaɓi wadda take so.

Ƙanwarka.