Na'urar tare tsawa da rilen ƙarfin wuta: yadda na same su

Na'urori biyu mai gyaran wuta ya ɗaura mini a akwatin rarraba wutar gidana, kuma sun jima suna aiki har na ga ya dace in faɗi yadda na same su. Ɗaya ita ce SPD, mai tare bugun wuta na farat ɗaya. Ɗayan kuwa rile ne mai lura da ƙarfin wuta, yana yanke ta idan ta yi yawa ko ta yi ƙasa. Na gamsu da su. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake sayar wa mutum ɗaya a ce masa ta wadatar, alhali ba cuta ɗaya suke magani ba.

SPD ɗin nawa nau'i na 2 ne bisa ma'aunin IEC 61643-11. A jikinsa an rubuta Uc 275V (iyakar ƙarfin wutar da zai iya zama a kai kullum), In 20kA (bugun da zai jure sau da yawa), Imax 40kA (bugu mafi girma da zai jure) da Up 1.5kV (wato volt 1,500, iyakar abin da yake bari ya wuce zuwa ga kaya), kuma waɗannan lambobin ya kamata mai saye ya duba, ba kyan kwali ba. Muddin wuta na tafiya daidai, wajen volt 230, zaune yake kamar babu shi. Da zarar tsawa ta faɗi kusa da layi, ko aka kashe wani babban inji, wutar ta yi tsalle zuwa dubban volt, sai ya buɗe mata hanya ta zarce ƙasa. Kafin ƙiftawar ido an gama. Shi ya sa ba ka ganin aikinsa, sai dai ɗan tagar da ke gabansa: kore yana da rai, ja ya mutu. Kowane bugu yana rage masa kwana, amma ana zare wanda ya mutu a cusa sabo ba tare da an kwance waya ba, kuma wannan ya burge ni. Aibinsa ɗaya a wurina, ba ya yin ƙarar gargaɗi in ya mutu. Wanda bai saba buɗe akwatin ba zai yi watanni yana zaton yana da kariya.

A wajen ɗaurawa aka fi yin ɓarna. Ƙa'ida ita ce jimillar wayoyin da suka haɗa shi da layi da kuma atin, wato haɗin da ke kai wuta cikin ƙasa, kada ta wuce santimita 50, domin a lokacin bugu kowace mita ɗaya ta waya tana ƙara kusan volt 1,000. Wato na'urar da aka yi ta don ta tsayar da wuta a 1.5kV, in aka ja mata waya mai tsawon mita ɗaya, abin da zai isa ga kaya ya kai 2.5kV, wanda shi ne iyakar abin da aka ƙera yawancin kayan gida su jure. Mai gyaran ya sauya wa birekoki biyu wuri don kawai wayar ta gajarta, sannan ya auna sandar atin kafin ya haɗa. In gininka yana da sandar kare tsawa a sama, nau'i na 1 kake buƙata a mashigar wuta. In kuma kaya masu tsada sun yi nisan sama da mita 10 da akwatin, a ƙara nau'i na 3 kusa da su.

Rilen kuwa kullum ina ganin amfaninsa, don yana nuna ƙarfin wuta a fuskarsa. Na sa ya yanke a volt 253, wato kashi 10 cikin 100 sama da 230, sannan ya jira minti 3 kafin ya mayar, saboda kwamfireson firji ba ya son a tashe shi nan take. Babban abin da yake karewa shi ne tsinkewar wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, a layi mai fes uku, inda wuta kan iya hawa kusan volt 400 ta zauna a nan. SPD ba ya iya wannan, zafi zai yi ya cire kansa, kaya su ci gaba da ƙonewa. Shi ma rilen bai isa ya tare tsawa ba, kafin ya motsa ta wuce.

Maɓallansa ƙanana ne, takardar bayaninsa kuma ba ta da wani bayani. In ka sa iyakar ƙarancin wutar da zai yanke a kai ta yi kusa da 230 da yawa, zai dinga yanke maka wuta babu gaira babu dalili. Ba sitabilaiza ba ne, ba ya gyara wuta, yankewa kawai yake yi. An rubuta masa 63A, wato wuta mai yawa ce ke bi ta cikinsa, don haka a ɗaure sukurorinsa tam, sako-sakon haɗi a nan zafi yake haifarwa. Duk su biyun kuma ba sa maye gurbin bireka ko na'urar 30mA mai kare mutum daga jan wuta.

Saura wayar eriya da ta intanet. Bugun tsawa yana bi ta nan ma, kuma babu ruwan akwatin wuta da su. Nasu na'urorin daban ne, su zan ɗaura a gaba.