Hattara da distiribita mai sabon fenti da tsohon ciwo

Jama'a masu tsofaffin motoci, musamman masu kabureta da kwantak, a yi hattara da masu tallar distiribita (na'urar da ke rarraba wa fulogogi wuta a kan lokaci, kwantak kuwa makunni ne a cikinta) wai "an sake ta fes, kamar sabuwa". Da yawansu ba abin da suka sake. Sun wanke ta da fetur, sun fesa mata fenti, sun ɗora sabuwar hula da rota (hannun da ke juyawa a ƙarƙashin hular), shi ke nan. Cikin kuwa, inda aikin yake, ko murfinsa ba su ɗaga ba. Kyan ɗan maciji ke nan.

Abin da ya sa cinikin nan yake ci shi ne, lalatacciyar distiribita ba ta tona kanta a silo, wato lokacin da injin ke aiki ba a taka totur ba. Za a ɗaura maka ita, a murza maƙulli, mota ta tashi tana kaɗawa lafiya lau, ka biya ka tafi. Ciwon sai ka hau titi.

Fetur da iska suna buƙatar ɗan lokaci kafin su gama ƙonewa, don haka dole fulogi ya ba da wuta kafin fistin ya kai ƙololuwa. Wannan lokacin ba da wuta shi ake kira taimin. A silo, injuna da yawa suna son wutar ta riga shi da digiri 5 zuwa 10 na juyin injin. Amma da injin ya ƙara gudu, dole wutar ta ƙara sammako, har jimillar ta kai wajen digiri 30 ko sama a wasu injunan idan sun kai juyi 3,000 a minti. Abu biyu ke wannan aiki. Akwai wasu ƙarafa biyu masu nauyi a ƙarƙashin farantin kwantak, ɗaure da ƙananan sifirin, waɗanda gudu ke wurga su waje. Sai kuma gwangwanin bakum da ke gefe, mai fatar roba a ciki, wanda zuƙar iskar injin ke sa shi jan farantin idan mota ba ta ɗauke da nauyi. Tsatsa da busasshen giris suna ƙame ƙarafan nan, fatar kuma tana tsagewa da tsufa. Nan ne ainihin gyara yake, kuma nan ne ɗan damfara ba ya taɓawa, don ya san ba wanda zai leƙa.

To ka dawo kana ƙorafin mota ba ta ja, tana shan mai, tana zafi. Sai a yi dariya: "Haba yallaɓai, ai taimin ne kawai, minti biyu." A sassauta noti, a murɗa distiribita da kunne har injin ya ɗau kuka mai daɗi, a ɗaure, a karɓi kuɗin saiti. Ka ji motar ta ɗan farfaɗo a kan gudu, ka yi godiya. Abin da aka yi shi ne an tura wutar gaba gaba ɗaya don a rufe gurbin ƙarafan da suka ƙame. Yanzu a ƙaramin gudu wutar ta yi sammako fiye da kima: injin yana ƙarar ƙyal-ƙyal idan kana hawan tudu, kuma in ya yi zafi sai sitata ta riƙa nishi kamar batir ya mutu. Wannan ƙyal-ƙyal ɗin ba abin wasa ba ne, in ya daɗe yana fasa ringi, ya ƙona gasket, har ya huda fistin. Ka sake komawa, a ce kabureta ce, ko man da ka sha. In kuwa wani makanike ya taɓa ta, an samu abin da ake nema: "Ai kun ɓata saitinmu, garanti ya tashi."

Tun tana hannunka, kafin ta shiga mota, za ka iya kama su. Cire hular, kama rota ka murɗa ta wajen da take juyawa. Ya kamata ta ɗan tafi, ka saki ta dawo da kanta tsaf. In ta ƙi motsi, ko ta tafi ta zauna, mayar musu da kayansu. Girgiza sandar tsakiya hagu da dama. In kana jin wasa, bushin da ke riƙe da sandar ya cinye. Sa tiyo a bakin gwangwanin bakum ka zuƙa, ka toshe da harshe: farantin ya motsa ya tsaya. In iska kake ta zuƙa ba iyaka, fatar ta huje. Duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen kuma, don distiribita biyu na iya zama iri ɗaya a ido amma sifirin ɗinsu na injuna daban ne. Lambar da aka goge ko aka lulluɓe da fenti, ni dai ba na ba ta uzuri.

Bayan an ɗaura, kada ka yarda da saitin kunne. A kawo fitilar taimin, wadda ke walƙiya duk sanda fulogi ya ba da wuta. Injin ya yi ɗumi tukuna, a fara saita tazarar kwantak (wajen milimita 0.4 a yawancin masu silinda 4), domin duk canjin tazarar yana canja taimin. A cire tiyon bakum a toshe shi in littafin motar ya ce haka, a maƙala fitilar a wayar fulogi na 1, a haska alamar taimin da ke kan fuli, wato faifan da ke juya bel a gaban injin. Kowa yana tsayawa a nan, alhali gwajin bai fara ba. Ka ce a taka totur a hankali kana kallo. Alamar ta riƙa tafiya gaba sumul yayin da gudu ke ƙaruwa, a saki ta koma gurbinta. In ta kafe wuri ɗaya, ƙarafan ba sa aiki. In tana rawa, akasari bushin ne, ko da yake sarƙar taimin da ta saki ma tana jawo haka, don haka a bincika kafin a zargi mutum.

Sai maganar musaya. Galibinsu suna neman ka bar musu tsohuwar distiribitarka don a rage maka farashi. Kada ka sake ta sai an gama gwajin fitila a gabanka, kuma an rubuta lambar wadda ka saya a rasit. Taka ita ce ainihin wadda aka ƙera don injinka, sau da yawa bushin da giris kawai take nema, kuma da ka juya baya ita za a wanke a fesa wa fenti a miƙa wa mai zuwa bayanka.