Kafin Ka Sayi Injin Ban Ruwa a Legas, Ɗanɗana Ruwan Tukuna

Duk wanda ya bi titin Iyana-Iba zuwa Ojo da sassafe zai ga 'yan'uwanmu suna kai-komo tsakanin fangali da rijiya, bokitin ban ruwa biyu a hannu, suna shayar da alayyafo da lalo da lawashi. Da yawansu na tara kuɗin inji, kuma tambayar da suka fi yi ita ce: na fetur ko na sola? Ni kuwa nakan ce a fara da ruwan.

A Arewa wahalar manomin rani ita ce samun ruwa. A Legas ruwa na kusa, wani wurin ka haƙa ƙasa kaɗan sai ya ɓulɓulo, amma ba kowanne ne shuka ke so ba. Wuraren da ke dab da teku da tafkin Legas, kamar Lekki da wasu sassan Badagry, ruwan zartsi kan kutso cikin rijiyoyi, musamman idan ana zuƙa da ƙarfi a rani. Alamarsa bakin ganye ya ƙone, farin gishiri ya kwanta a saman ƙasa. Wani ruwan kuma ƙarfe ne a cikinsa: ka ɗebo shi garau, ya kwana a bokiti ya koma ja kamar tsatsa. Saboda haka ka ɗanɗana, ka bar shi ya kwana, in da hali ka kai ɗakin gwaji. Ruwan kwata kam ka rabu da shi ko da kyauta ne, domin latas ɗanye ake cin sa, kuma ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Legas a 2024 ba.

Injin fetur mai tiyo inci biyu ya fi sauƙin saye, makanikinsa na ko'ina, kuma kana iya ɗora shi a babur ka kai gida da yamma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda filin aro ko na haya yake nomawa, wanda gobe ana iya cewa ya tashi za a yi gini. Illarsa biyu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ke cinye ribar lambu. Sannan ƙarfinsa ya fi ƙaramar rijiya, nan da nan ya ƙafar da ita, ruwan kuma ya zurare cikin rairayi ya tafi da taki.

Na sola kuɗinsa na farko da nauyi, amma daga nan ba ka sayen mai. Yana jan ruwa a hankali, abin da rijiyar bakin teku ke buƙata ke nan. Sai dai ba ya tafiya shi kaɗai, dole ka haɗa da tanki, don ranar da hadari ko ƙurar hunturu ta rufe rana aikinsa raguwa yake. Ka kuma yi lissafin mai gadi, farantin sola na jan idon ɓarawo.

Tiyon ɗigo, mai zuba ruwa a gindin shuka, ya dace da tumatir da tattasai da kokwamba, kuma tankin da aka ɗaga mita 1 zuwa 2 ya isa ya tura ruwa a ƙaramin fili. Amma ruwa mai ƙarfe toshe ramukansa yake yi, kada ka saye shi ba abin tace ruwa. Ga alayyafo da ake yafawa a cunkushe, bokiti ya fi shi amfani.

Abin da na ga ana sakaci da shi shi ne ruwan sama, alhali Legas na samunsa sosai daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Ruwan milimita 20 a kan rufin murabba'in mita 50 lita 1,000 ne, ba gishiri ba tsatsa. Ba zai ratsa rani da kai ba, amma ya isa renon iri.

In filin ba naka ba ne, kada ka binne kuɗinka a rijiyar burtsatse. Ƙaramin inji da tanki sun ishe ka, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku riƙa karɓa-karɓa. Mai filin kansa a Epe ko Ikorodu, wanda gwaji ya nuna ruwansa mai daɗi ne, shi zan ba shawarar sola da tanki, ya ƙara tiyon ɗigo in damina ta wuce.