Ƙugiya ko rariya: hanyoyi biyu na tsamo ƙwayar sankara daga jini

Ƙanwata ta Aboabo, Allah ya ba innarki lafiya. Kin ce kin ji akwai gwajin jinin da ke kama ƙwayoyin sankarar mama, kika tambaya wace na'ura ta fi.

Ƙwayar da ta ɓalle daga ƙari ta shiga jini ba ta da yawa ko kaɗan. A mililita ɗaya akwai jajayen ƙwayoyi wajen biliyan 5, ita kuwa wani lokaci ɗaya ce tak, ko ma babu.

Hanya ta farko ƙugiya ce. Yawancin ƙwayoyin nan suna da wani furotin a jikinsu mai suna EpCAM, sai a ɗana abin da zai maƙale masa. Na'urar CellSearch, wadda FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da ita a 2004, tana ɗaukar jini mililita 7.5 ta jawo su da maganaɗisu. Ƙwaya 5 zuwa sama a mai sankarar mama da ta bazu alama ce cewa ciwon ya yi tsanani. A 2007 masanin kimiyya Mehmet Toner da abokan aikinsa a Boston suka mayar da dabarar cikin ɗan faranti mai ƙananan turaku 78,000, jini na ratsawa a hankali ƙwayoyin na mannewa. Inda gizo ke saƙar shi ne, ƙwayar da ke shirin yaɗuwa takan sauya kama ta rage EpCAM ɗin, ta wuce ƙugiyar salin-alin. Wannan ya fi damuna, domin ita ce muke tsoro.

Ta biyu rariya ce. Na'urar Parsortix ta Ingila, da FDA ta amince da ita a 2022, ba ruwanta da furotin. Jini na bi ta matsatsiyar kafa, ƙwayar sankara mai girma da tauri ta maƙale, a fito da ita da ranta a bincika. Ƙananan cikinsu dai sukan sulale, wasu fararen ƙwayoyin jini kuma su cakuɗu da su.

Don bincike, ni rariyar na fi so. Amma ƙanwata, duk biyun an yi su ne don wanda an riga an tabbatar da ciwonsa, ba sa maye gurbin hoton mama ko yankar ɗan nama a duba. Idan likitocin asibitin Komfo Anokye sun ba Inna ranar yankar naman, ki raka ta, kada ku tsaya jiran gwajin jini.