KiCad, EasyEDA ko Proteus: wanne za ka ɗauka in jera kaya kan girid ne damuwarka

Yan uwa masu haɗa kat ɗin lantarki a nan Damagaram, kafin mutum ya ce ga logisiyel ɗin da zai sa a ordinatarsa, ya fara duba yadda yake riƙe girid, wato ɗigo-ɗigon nan da ƙafafun kaya ke zama a kai. Yawancin abinda muke samu a kasuwa masu ƙafa ne, irin su IC ɗin NE555 da ATmega328 na DIP, masu ƙafafu layi biyu da ake sokawa cikin ramukan kat, kuma tsakanin ƙafa da ƙafa 2,54 mm ne, wato 100 mil (mil ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na inci). In ka jera su a girid na milimita ɗaya sai ka ga layukan tagulla suna karkacewa gab da rami, ranar huda kuma soket ya ƙi shiga sai ka lanƙwasa ƙafa, wani lokaci ma ta karye.

Ni dai KiCad nike ba mutane shawara. Kyauta ne, wani malami Jean-Pierre Charras ya fara shi a Faransa a 1992, logisiyel ɗin yana da faransanci, kuma in ka sauke sau ɗaya shikenan ko reso ya tafi aikinka na tafiya, ka ma zuba ma abokinka a kile. Ka danna N girid ya canza, in kana son matsar da abu daidai da awo akwai Move Exactly ka rubuta lamba kawai. A wajen shema, wato zanen yadda kaya ke haɗuwa da juna, ka bar girid a 50 mil kar ka taɓa, don in ka canza, waya za ta zo kusa da fin, wato ƙafar kaya, kamar ta haɗu alhali ba ta haɗu ba, kuma ido baya gani.

EasyEDA yana da daɗi in a Sin za a buga maka kat ɗin, don a haɗe yake da JLCPCB mai buga kat da kayan LCSC mai saida kayan lantarki, sawun kaya, wato zanen wurin zaman ƙafafunsu a kan kat, a shirye suke. Amma asali a intanet yake aiki, forfe zai sha.

Proteus ɗalibai sun saba da shi saboda similasiyo, kana ganin LED na kunnawa tun baka siyi komai ba, sai dai na kuɗi ne. Eagle kuma Autodesk ta maida shi cikin Fusion, ban ga dalilin da sabon shiga zai fara da shi yanzu ba. Altium na manyan kamfanoni ne.

Kowanne ka ɗauka ka gwada shi da shil na Arduino Uno, wato kat ɗin da ake ɗorawa bisa kat ɗin Uno, don tsakanin fin 7 da 8 na Uno tazarar 160 mil ce ba 100 ba. Ka ɗauko sawun Uno da ke cikin laburare, ka kulle konekta ɗin a wurinsu tukuna, sannan ka jera sauran a 2,54 mm ko rabinsa 1,27 mm in akwai SOIC a ciki, wato ƙananan IC da ake mannawa bisa kat ba tare da rami ba.